Wusasa: Majami'ar Laka da Makarantar da ke Gefenta

Idan muka bar cikin birnin Zariya muka nufi wajen dutsen Kufena, za mu tarar da Wusasa. Yau gari ya cim mata, amma da can ƙauye ce a bayan ganuwa. A nan majami'ar St. Bartholomew take, wadda aka gina da laka a 1929, a gefenta kuma ga makarantar da ta ɗauki sunanta. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta wurin a mota ba tare da mun waiwaya ba.

Labarin ya faro tun 1900, lokacin da Bishop Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na ƙungiyar CMS daga Ingila zuwa Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ce su tattara nasu-ya-nasu su fice. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Shi bai haƙura ba. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zazzau, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Sai dai makaranta ba ta yiwuwa sai da ɗalibai, mutanen birni kuwa ba su da niyyar miƙa 'ya'yansu ga Nasara. Ba ma ganin laifinsu: suna da makarantun allo da na ilimi tun kaka da kakanni, ga shi kuma baƙon nan ya zo a zamani ɗaya da masu bindiga. Ɗaliban sun fito ne daga inda ba a zata ba. Akwai wasu jama'a da ake kira Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda wa'azinsa a kan matsayin Annabi Isa. Mabiyansa suka watsu, wasu suka fake a ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller. Aka kafa musu zango a Gimi, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunan ta'adi. Yaran da suka tsira, yawancinsu marayu, su ne suka cika azuzuwan mishan a Zariya.

Zaman mishan a tsakiyar birni bai yi wa fada daɗi ba, bai kuma yi wa Turawan mulki daɗi ba, domin sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba. Ƙarshenta a 1929 aka mayar da mishan bayan gari, zuwa Wusasa, a ƙarƙashin Guy Bullen. Majami'a, makaranta da asibitin St. Luke duk suka zauna wuri guda.

Ginin majami'ar shi ya fi ɗaukar hankalinmu. Ba a kwaikwayi cocin Ingila mai dogon tsini ba. Magina Hausawa ne suka ɗora tubali, suka ɗaure bakan gizo da azara, irin yadda ake ɗaure soron fada ko na masallacin Juma'a. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Zariya na Babban Gwani zai ga dangantakar nan take. Da Hausa ake addu'a a ciki, da Hausa ake waƙa. Shekara uku bayan ginin, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, kuma Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar.

Ita kuwa makarantar, ƙanƙantarta ba ta hana ta yin tasiri ba. Daga wannan jama'a aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa kafin ta rikiɗe ta zama NPC. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A daidai waɗannan shekarun Yakubu Gowon yana mulkin Nijeriya. A Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara, a nan kuma ya yi firamare. Mu masu son adabi muna da namu rabon: John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan Wusasa ne. Mun karanta littafin a makaranta, amma ba kowane malami ne ya gaya mana daga inda marubucin ya fito ba.

Abin da ke damunmu shi ne yadda tarihin ya rasa mai riƙe shi. Wasu Musulmi na kallon Wusasa a matsayin kayan Turawa, wasu Kiristocin kudu kuma na mamakin a ce akwai Bahaushe ko Bafulatani Kirista tun kakanninsa. Alhali iyalan nan suna da 'yan uwa Musulmi a cikin birni, ana biki tare, ana zaman makoki tare.

Daga baya gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, Wusasa kuma ta samu bishop nata na ɗarikar Angilika. Tsohon ginin yana nan tsaye. Kamar kowane ginin ƙasa, kafin kowace damina yana bukatar yaɓe da gyaran indararo, maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo kuwa sai raguwa suke yi a Zariya.