Askin da Ba a Jiƙa ba

Ran 30 ga Oktoba, 2022, Shugaba Akufo-Addo ya fito talabijin ya ce ba za a yi wa masu bin gwamnati bashi “aski” ba. Kalmar masana kuɗi ce ta Turanci, ma'anarta a biya ka ƙasa da abin da kake bi. Mu masu fassara labarai a rediyo sai muka yi ta inda-inda. In ka ce aski, mai sayar da doya a Yendi wanzami zai tuna.

Alhali dattawanmu sun san abin. A watan Maris na 1979, gwamnatin Janar Akuffo ta canja takardun kuɗi. Wanda ya kai sidi goma banki aka ba shi bakwai, abin da ya haura dubu biyar kuwa rabi aka biya. Ɗan kasuwar Bawku ko Salaga da ke ajiye kuɗinsa a gida bai buƙaci masani ya yi masa bayani ba, hannunsa ya gaya masa. Shi ya sa a Yulin 2007, da aka mai da sidi dubu goma sidi ɗaya, Babban Bankin Ghana ya yi ta nanatawa a rediyo da talabijin cewa darajar kuɗi na nan yadda take. Wannan bayanin ya shiga, don ya amsa tambayar da ke ran mutane: nawa za ku rage mini? Har gobe wasu da tsohon lissafi suke ciniki, sidi ɗari su ce miliyan.

A Disambar 2022 ba a yi wannan adalcin ba. Ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya ce ba a taɓa uwar kuɗi ba. Gaskiya ne, amma an rage ribar, an kuma ɗaga ranar biya da shekaru, a watan da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari. Talabijin ta cika da alƙaluma da masana masu kwat. Ni dai ban ga jama'a sun gane ba sai a Fabrairun 2023, da aka nuna tsofaffi ’yan fansho zaune a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, cikinsu har da tsohuwar babbar jojin ƙasa, Sophia Akuffo.

A shirina na ce: ka ba maƙwabcinka buhun gero goma, ya ce zai biya ka cif, amma bayan shekara goma, ga kuma gara a rumbun. Wani dattijo ya bugo waya ya ce, “Yaro, ai wannan aski ne, ruwan ne kawai ba a sa ba.”