QAnon

QAnon wata aƙida ce ta zargin maƙarƙashiya da ta ɓulla a Amurka ranar 28 ga Oktoba, 2017, lokacin da wani mai ɓoye suna, da ke kiran kansa Q, ya fara wallafa saƙonni a shafin 4chan. Mabiyanta na iƙirarin cewa wasu manya masu bautar Shaiɗan na safarar yara, kuma Donald Trump na yaƙarsu a asirce. Babu hujjar da ta tabbatar da hakan.

Reddit ya rufe babban zauren mabiyan QAnon a Satumban 2018, Facebook ya haramta su a Oktoban 2020. Daƙile su ya yi wuya domin sukan sauya kalmomi, su fake da kamfen ɗin kare yara. Bayan harin majalisar dokokin Amurka na 6 ga Janairu, 2021, Twitter ya dakatar da asusu fiye da 70,000 masu alaƙa da QAnon.