Daga Adudu Zuwa Kwaba: Tarihin Ma'ajiya a Gidajen Maraɗi

Duk wanda ya zagaya shagunan masu sayar da kayan ɗaki a Maraɗi zai ga wani salo da ke cin kasuwa: gado da kwaba da madubi masu lanƙwasassun ƙafafu, an yi musu zane da ruwan zinariya, mai shago kuma ya ce maka samfurin Faransa ne. Wasu daga Turkiyya ko China aka shigo da su, wasu kafintocinmu ne suka kwaikwaya daga hoton waya. Jefi-jefi akan ga wani ɗan teburin rubutu mai murfi da ƙananan durowoyi, wanda Faransawa ke kira secrétaire. Don ado ake sayensa, alhali abin da ya sa aka ƙirƙiro shi tun farko shi ne abin da gidajenmu suka fi rashi a yau, wato amintaccen wurin ajiye takarda.

Sunan teburin ya samo asali daga kalmar da ke nufin sirri. A ƙarni na 18 ya bunƙasa a birnin Paris, lokacin da rubuta wasiƙa ya zama babbar sana'ar manya da attajirai. Akwai mai tsayi kamar kwaba, wanda ake sauke murfinsa ya zama wurin rubutu, in an gama a ɗaga a kulle. Akwai kuma mai murfi zagayayye da ake ja ya rufe komai. Mafi shahara shi ne na Sarki Louis na 15, wanda Jean-François Oeben ya fara ƙerawa a 1760, ya rasu bai gama ba, Jean-Henri Riesener ya kammala a 1769. Har yanzu yana fadar Versailles. An shirya shi yadda murza makulli ɗaya zai rufe murfin da durowoyin da ke ciki gaba ɗaya, kuma bayin sarki suna iya ƙara tawada ta gefe ba tare da sun ga takarda ko ɗaya ba. Bayan juyin juya halin Faransa an yi gwanjon kayan fadar masu yawa a 1793 da 1794, da dama suka ƙare a gidajen attajiran Ingila. Tun daga nan ake kwaikwayon salon, har birnin Dumyat na Masar ya yi suna da ƙera irinsa.

To, a daidai wannan zamani, ina Bahaushen wannan yanki yake ajiye abin da ya mallaka? Amsar tana cikin yadda garuruwanmu suka kafu. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Garuruwan nan biyu na mutanen da suka san ƙaura ne, kuma sun kusa cinye ƙarnin cikin hari da ramuwar hari. Wanda ke zaune haka ba ya tara abin da jaki ko raƙumi ba zai ɗauka ba.

Shi ya sa ma'ajiyar da ta kasance mai sauƙin ɗauka. Tufafi suna cikin adudu ko lefe da aka saƙa da kaba. Mai da kwalli suna cikin tandu da batta. Abinci yana cikin ƙwarya a kan ragaya, a rataye, nesa da ɓera da tururuwa. Ruwa yana randa. Babbar dukiya kuwa, wato hatsi, tana rumbu, kuma shi ma ana ɗaga shi daga ƙasa a kan duwatsu ko itace saboda danshi da gara. A ƙauyuka irin su Jiratawa, da ke bakin Gulbi kudu da Maraɗi, tsofaffi za su gaya maka cewa da yawan rumbuna ake gane girman gida. Hikimar iri ɗaya ce a ko'ina: a ɗaga daga ƙasa, a rufe, a bar iska ta ratsa.

Takarda ma akwai ta, amma a hannun malamai take. Littattafansu ganye-ganye ne da ba a ɗinke ba, a tsakanin bango biyu na fata, a cikin gafaka. Takardar da kanta daga Italiya take fitowa ta hanyar Tarabulus, ta ƙetaro Sahara, ana gane ta da alamar jinjirin wata uku. Gafaka ita ce secrétaire ɗinmu ta asali, sai dai ita a kafaɗa ake rataya ta. Talaka kuwa ba ya buƙatar takarda don ya tabbatar da gonarsa ko aurensa ko haihuwar ɗansa. Shaidu da mai unguwa da liman sun wadatar.

Akwai kuma wani ɓangare da ya bambanta mu da Faransawa ƙwarai. A can, teburin na mutum ɗaya ne mai son ya ɓoye. A nan, kayan ɗaki na mace ne, kuma don a gani aka yi su. Jeren amarya, ƙorai a jere a kan juna tun daga masaki har ƙoƙo, shaida ce ta yawan danginta da ƙawayen uwarta da irin bikin da uwar ta yi wa mutane a baya. Ajiya ce kuma, domin ranar da ta ɓaci mace na iya ɗaukar ɗaya ta sayar. Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a kan tarihin aure a Maraɗi ta fitar da littafinta a 1997, ta yi dogon bayani a kan yadda waɗannan kaya suke nuna darajar mace da ƙarfin zumuncinta.

Zuwan Faransawa ne ya shigo da mulkin takarda. Bayan wucewar rundunar Voulet da Chanoine a 1899 da shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila a shekarun da suka biyo baya, Maraɗi da Tibiri suka faɗa ɓangaren Faransa, Katsina ta zauna a ɗaya gefen. Teburin kumandan bai kai na Versailles ado ba, amma aikinsu ɗaya. A biron nan ake rubuta sunan kowane magidanci da yawan iyalinsa da lanhon da zai biya, a kulle a inda shi mai sunan ba ya iya dubawa. Kamfanonin sayen gyaɗa irin su CFAO da SCOA suka zo da sikeli da littafin bashi. Daga nan magana ta fara komawa ga wanda ke riƙe da takarda.

Shekarar 1945 ita ce ta raba tarihin gidajen Maraɗi gida biyu. A daminar wannan shekara Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama. Hukuma ta tayar da mutane zuwa kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu da filaye masu iyaka. Tibiri ma an sake gina ta a kan tudu bayan wannan ruwa. Manyan gidajen gandu suka rarrabu, kowa ya kama filinsa, kuma a hankali fili ya zama abin da ake saye da sayarwa da hujja a rubuce. Tun daga lokacin takarda ta shigo cikin gida a matsayin dukiya, amma ba a yi mata ɗaki ba.

Kuɗin gyaɗa ya sauya jere da sauri. Ƙwarya ta ba wa tasa wuri, tasa ta ba wa langa da fanteka da kwalla masu fenti, waɗanda yawanci daga Najeriya ake shigo da su. Gadon kara ya koma na ƙarfe mai rumfa, daga baya na katako. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya maye gurbin adudu. Bayan kafa SONARA a 1962 da bunƙasar kasuwancin alhazan Maraɗi da Najeriya, wanda ya ci gaba ko bayan farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, sai kwaba mai gilashi ta shigo, wadda wasu ke kira armuwar. A lura da gilashin. Mun karɓi kwabar Bature, amma muka juya aikinta ta koma jere: tangaran da kwanoni a gaba, kowa ya shigo ya gani.

Ga inda aka kwana yau. Ɗakin amarya na iya cin kuɗin da iyayenta za su shekara suna biyan bashinsa, amma ka tambayi maigida inda takardar fili take, sai a ɗaga katifa, ko a zaro wata leda daga saman kwaba, ko a buɗe tsohuwar jaka. Nan ne takardar haihuwar yara take, da ta aure, da ta makaranta, da shaidar sayen gona. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yana shan wahala ranar da ya zo rubuta jarrabawa, sai an bi ta kotu an nemo madadinta. Magada da yawa sun yi shekaru suna shari'a a kan fili saboda gara ta riga su ga hujjar. Ambaliyar daminar 2024, wadda jihar Maraɗi ke cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, ta rushe gidaje masu yawa, kuma wanda ruwa ya shiga ɗakinsa da dare ba ya tsayawa neman leda a ƙarƙashin katifa.

Sayen secrétaire samfurin Faransa ba zai warware wannan ba. Na ainihi ana yinsa ne da siraran ɓawon katako masu tsada da aka manna da danƙon fata a kan wani katakon, don ƙasar da iskarta ke da laima kusan duk shekara. A nan hunturu zai busar da shi ya tsage, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya sassauta mannin, laimar Agusta ta kumbura durowoyin su ƙi buɗuwa. Na kwaikwayo, wanda aka yi da garin katako da aka matse aka lulluɓe, ya fi muni, domin ruwa ya taɓa ƙafarsa sau ɗaya, shi ke nan ya ɓurme.

Abin da ya kamata mai sayen kayan ɗaki ya duba kaɗan ne, kuma kakanninmu sun riga sun san shi. Na farko, ƙafa: kwabar da ta zauna daɓas a ƙasa abincin gara ce, a nemi mai tsayin ƙafa, a kuma janye ta kaɗan daga jikin bango, balle bangon ƙasa. Na biyu, a tambayi kafinta ko katakon ya bushe kafin a yanka, a leƙa bayan kwabar da ƙasan durowa, don nan ake ɓoye ha'inci. Na uku, ƙofar da ke rufuwa ruf saboda ƙurar hunturu. Na huɗu, wanda ya fi duka, a ware wuri ɗaya na takardu kaɗai, a sama, mai makulli, wanda maigida da uwargida duka suka san shi. Ƙaramin akwatin ƙarfe da masu walda ke ƙerawa a cikin gari ya isa, a sa takardun a leda mai kauri a ciki, yadda za a sunkuce shi da hannu ɗaya in ta kama. A kuma ɗauki hoton kowace takarda a waya, a aika wa wani ɗan'uwa amintacce.

Iyaye masu haɗa kayan ɗiya, in za a sayi kwabar gilashi a saya, al'ada ce kuma tana da ma'anarta. Amma a ƙara da wannan ɗan akwati, a sa mata takardar haihuwarta da ta makarantarta a ciki tun ranar kai amarya. Kuɗinsa bai kai na jeren tangaran ɗaya ba. Hausawa sun ce kula da kaya ya fi ban cigiya. Allah ya tsare mana dukiyarmu da zuriyarmu.