Sankarar ƙashi da tsoka a jikin yara: dalilin haɗa tiyata da gashi, da abin da hakan ke nufi ga yammacin Zamfara

Sakoma suna ne da likitoci ke bai wa rukunin ciwon daji da ke tasowa daga ƙashi ko tsoka. A jikin yara, nau'i uku ne suka fi yawa. Na farko, rabdomayosakoma, yana kama tsoka, musamman a kai da wuya da mara. Na biyu, ostiyosakoma, ya fi kama ƙashin kusa da gwiwa a shekarun balaga. Na uku shi ne sakomar Ewing, wadda likitan Amurka James Ewing ya bayyana a 1921.

Alamar farko yawanci kumburi ne da ke ƙaruwa, ko ciwon ƙashi da ke tayar da yaro da dare. A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, irin wannan kumburin kan fara zuwa hannun mai ɗori ko wanzami. Tsaga da ɗauri ba sa kashe ƙarin, lokaci kawai suke ci, har ciwon ya bazu zuwa huhu. Ba a tabbatar da sakoma sai an ɗebi ɗan yanki an duba a ɗakin gwaji. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Me ya sa ake haɗa biyun?

Aikin tiyata shi ne cire ƙarin gaba ɗaya tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Amma akwai wuraren da wuƙa ba ta iya kaiwa ba tare da ɓarna ba, kamar bayan ido ko kusa da laka. A nan ne gashi ke shigowa: na'ura tana harba haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar da suka rage bayan aiki, ko ya rage girman ƙarin kafin aiki. Sakomar Ewing da ta tsoka suna jin gashi sosai. Ostiyosakoma kuwa ba ta cika jin sa ba, don haka tiyata ce ginshiƙinta. A dukkan ukun ana ƙarawa da alluran kashe ƙwayoyin kansa na tsawon watanni.

Gashi na da nasa haɗarin. Yana iya tsayar da girman ƙashin da aka gasa, ko ya haifar da wani ciwon dajin bayan shekaru. Shi ya sa likitan tiyata da na gashi da na yara ke tsara maganin tare tun daga farko.

Inda sarƙar ke tsinkewa

Ana yin gashi kwana biyar a mako, galibi na tsawon makonni biyar zuwa shida, kuma katsewa tana rage amfaninsa. Ga iyalin da ke yammacin Zamfara, wannan na nufin barin gona a koma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko sabuwar cibiyar kansa da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025. Kuɗin mota da masauki da abinci, haɗe da fargabar 'yan bindiga a hanya, kan sa a yi tiyata a dawo gida, gashin ya bi ruwa, ƙarin ya dawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji na warkewa a ƙasashe masu arziki, yayin da a yawancin ƙasashe matalauta adadin bai kai kashi 30 ba. A 2018 ta sanya burin kai wa kashi 60 nan da 2030.

Yankin ya taɓa ganin abin da tsari ke iya yi. Bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum, an haɗa gwaji da magani da bibiya, aka ceto dubbai. Yaro mai sakoma ma irin wannan yake buƙata: ma'aikacin lafiya da zai gane kumburin da wuri, takardar tura shi asibitin da ya dace, da tallafin da zai riƙe iyayensa har ranar gashi ta ƙarshe. Waɗannan ukun su ne abin dubawa a kasafin lafiya na jiha.