Zare: Tarihin fitilar hular mahaƙa, da yadda ake tayar da tsohuwa da kuɗi kaɗan

1/ Akwai wata fitila da aka ƙera wa masu haƙar kwal a Birtaniya. Ramukan kwal ɗin sun rufe, ita kuwa ta ƙi mutuwa. Masu shiga kogo suna sayenta gwanjo, su yashe cikinta, su sa mata sabon ƙwai. Zan kawo tarihinta daga tushe, sannan yadda ake gyaran. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Duhun ƙarƙashin ƙasa ba irin na daren da aka ɗauke wuta ba ne. Babu wata, babu tauraro, ko kwana nawa ka yi idonka ba zai saba ba. Dole sai da haske. Kafin lantarki kuwa, haske yana nufin harshen wuta. Shi kuma ramin kwal yana fitar da iskar metan.

3/ Metan ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Tana fashewa sai ƙurar kwal ta karɓa, wutar ta bi ramin kaf. Wato kyandir ɗin da mahaƙi yake gani da shi, shi ne kuma ajalinsa.

4/ Dabarar farko ku ji ta. Kafin ma'aikata su sauka, mutum ɗaya zai lulluɓe jikinsa da jiƙaƙƙun tsummoki, ya ɗaura kyandir a kan doguwar sanda, ya yi rarrafe yana kunna iskar da ta taru a rufin ramin. Ya kwanta rub da ciki, wutar ta wuce ta kansa. Aikinsa ke nan kullum.

5/ A ƙarni na 18 Carlisle Spedding na garin Whitehaven ya ƙera wani faifan ƙarfe da ake juyawa yana gogar dutsen ƙyastu, tartsatsin ya ba da ɗan haske. An ɗauka ba ya kunna metan. Ashe yana kunnawa. Wasu har ruɓaɓɓiyar fatar kifi suka gwada, saboda tana ɗan sheƙi a duhu.

6/ Ranar 25 ga Mayu 1812 ramin Felling, kusa da Gateshead a arewa maso gabashin Ingila, ya fashe. Mutum 92 suka mutu, har da yara ƙanana. Limamin cocin yankin, John Hodgson, ya rubuta labarin dalla-dalla ya wallafa. A 1813 aka kafa ƙungiya a Sunderland don neman mafita.

7/ Ƙungiyar ta nemi Humphry Davy, babban masanin sinadarai na Landan. A 1815 ya gano cewa harshen wuta ba ya ratsa ragar waya mai ƙananan ramuka. Wayar tana zuƙe zafin ta watsa shi, sai iskar da ke ɗaya gefen ta kasa kamawa. Ya zagaye lagwani da raga mai waya 28 a kowane inci.

8/ Kuna iya ganin wannan da idonku. Riƙe rariyar ƙarfe a saman kyandir: harshen zai tsaya a ƙasanta kamar an yanke shi da wuƙa. An gwada fitilar Davy a ramin Hebburn a Janairun 1816. Ya kuma ƙi yin rajistar mallakar ƙirƙirar, ya bar ta kowa ya ƙera.

9/ Sai dai ba shi kaɗai ba ne. George Stephenson, makanikin injuna a ramin Killingworth, wanda sai da ya kai shekara 18 ya koyi karatu, ya gwada tasa fitilar a Oktoban 1815. Shi ne dai wanda ya yi suna daga baya a jirgin ƙasa. Likita William Clanny ma ya riga su da tasa tun 1813.

10/ Aka yi rigima sosai. Ɓangaren Davy suka kasa yarda cewa wanda bai shiga aji ba zai kai ga irin wannan da kansa. Mutanen arewa maso gabas suka tsaya wa nasu, suka tara masa fam 1,000. Raina mai sana'ar hannu dai ba yau aka fara ba.

11/ Ga inda tarihin ya fi ɗaure mini kai. An samu fitilar tsaro, amma fashewar ramuka ba ta tsaya ba. Masu ramukan suka ce ai yanzu akwai kariya, sai suka tura mutane wurare masu zurfi da waɗanda aka taɓa rufewa saboda iska. Maimakon gyara hanyar iska, aka dogara da fitila.

12/ Ita kanta fitilar tana da rauni. Waya ɗaya ta tsinke ko ta yi tsatsa, kariya ta tafi. Haskenta bai kai na kyandir ba. Mahaƙi kuwa gwargwadon kwal ɗin da ya haƙo ake biyansa, don haka wasu suke kwance ragar su gani da kyau. Shi ya sa aka koma kulle fitilun kafin a miƙa su.

13/ Amma ku riƙe wannan, zan dawo kansa: harshen wutar yana magana. Idan da metan, wata shuɗiyar hula takan bayyana a samansa, tsawonta ya nuna yawan iskar. Idan oksijin ya ragu, harshen ya dushe ko ya mutu tun mutum bai faɗi ba. Fitila ce, kuma ma'auni ce.

14/ A 1892 Thomas Willson ya gano hanyar yin kabayid da araha a Amurka. E, kabayid ɗin nan na masu walda. Ruwa na ɗiga kansa sai ya fitar da iskar asetilin mai ci da farin haske. Zuwa 1900 Frederick Baldwin ya yi rajistar fitilar kabayid, aka soma maƙala ƙananan a hula.

15/ Haske ya koma goshi, hannu biyu suka samu 'yanci, duk inda ka juya kai haske na biye. Amma buɗaɗɗiyar wuta ce, ba ta dace da ramin da ke da metan ba. Mahaƙan ƙarfe da masu shiga kogo ne suka fi morarta, kuma sun riƙe ta har ƙarshen ƙarni na 20.

16/ Farkon ƙarni na 20 ya zo da bala'o'i. Courrières a Faransa, 1906: mutum 1,099. Monongah a Amurka, 1907: 362 a ƙidayar hukuma. Senghenydd a Wales, 1913: 439. Amurka ta kafa hukumar kula da ma'adinai a 1910, neman fitilar da babu wuta a cikinta ya zama na gaggawa.

17/ Wasu injiniyoyi biyu, John Ryan da George Deike, suka je wa Thomas Edison da maganar. Ya ƙera batir da ake ɗaurawa a ƙugu, waya ta bi baya ta hau hula, ƙwan yana kulle cikin gilashi. Hukumar ta amince da ita a 1915. Wannan siffar ce ta zauna kusan shekara 100.

18/ A Birtaniya sunan da ya fi fice shi ne Oldham, kamfani a Denton kusa da Mancesta. Batirin dalma da asid ne, ɗan'uwan na mota, bolt 4, nauyinsa wajen kilo 2. Kan fitilar yana da ƙwai biyu: babba na aiki, ƙarami na ko-ta-kwana idan babban ya ƙone.

19/ Kowane rami yana da ɗakin fitila. Kowace fitila da lambarta, kowane mahaƙi da 'yar kwabon tagulla mai lambarsa. Ka fito, ka mayar da fitila kan caji. Gurbin da aka gani babu fitila bayan an tashi aiki, an san mai shi yana ƙasa, sai a shiga nema.

20/ Da lantarki ya zo an rasa abu ɗaya: ƙwan lantarki ba ya gaya maka komai game da iska. Shi ya sa masu duba rami suka ci gaba da ɗaukar fitilar raga. Tsuntsun kanari ma, da John Scott Haldane ya ba da shawararsa don gano iskar kabon monoksayid, sai 1986 aka sallame shi.

21/ Sai masana'antar ta durƙushe. Bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985 aka yi ta rufe ramuka, na ƙarshe mai zurfi, Kellingley, ya rufe a Disamban 2015. Fitilun Oldham suka cika kasuwar gwanjo. Masu shiga kogo da masu binciken tsofaffin ramuka, waɗanda dama suna amfani da su, suka kwashe.

22/ Ana cikin haka Japan ta canza wasan. Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar da shuɗin LED, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin aka samu fari a 1996. Haske ya ninka sau da yawa a kan wuta iri ɗaya, kuma babu siririn zaren da zai tsinke.

23/ To me ya sa ba a jefar da tsohuwar ba? Fitilar da aka ƙera musamman don kogo takan kai ɗaruruwan fam. Ta kasuwa mai araha kuwa ba ta jure ruwa da taɓo da bugun dutse. Kokon Oldham an yi shi don shekarun wahala. Jikinta lafiya lau, ƙwai da batir ne suka tsufa.

24/ An kuma yi sa'a ta fuskar lissafi. Oldham bolt 4 ce. Batirin litiyam 18650, irin na cikin tsofaffin laftof, bolt 3.7 ne, ya kai 4.2 idan ya cika. Farin LED yana son wajen bolt 3. Don haka tsohuwar waya da makunni suna iya zama yadda suke.

25/ Gyaran a taƙaice. A kwance zoben gaba, a cire gilashi da faifan mayar da haske da ƙwayayen biyu. A manna LED a kan guntun alminiyam mai kauri. A haɗa shi da ɗan allon daidaita wuta. Kada a jona LED kai tsaye da batir, zai zuƙi wuta fiye da ƙima ya ƙone.

26/ Allon mafi araha shi ne mai ƙwayar AMC7135. Kowace ɗaya tana sakin miliamfiya 350, biyu 700. Makunnin Oldham yana da gefe biyu, sai mutane su sa LED biyu: ɗaya mai harba haske nesa, ɗaya mai baza shi a gaban ƙafa. A kogo na biyun aka fi kunnawa.

27/ Zafi shi ne iyaka. Kokon ba ƙarfe ba ne, kuma a rufe yake ruf, zafin ba shi da mafita. Ka tura wat 10 ka dafa LED ɗin. Wat 2 zuwa 3 ya wadatar, kuma ko a haka ya ninka tsohon ƙwan, wanda ko lumen 100 bai kai ba.

28/ Lissafin batir: 18650 uku masu 3,000 mAh, a haɗa su gefe da gefe, 9,000 mAh ke nan. Raba da 700, ka samu kusan awa 12 zuwa 13. Nauyin ukun wajen giram 150, a maimakon kilo 2 a ƙugu. Wanda ka ga an rubuta masa 9,900 mAh ƙarya ce, na gaskiya ba ya wuce 3,600 da wani abin kirki.

29/ Litiyam ba ya son wasa. A sa allon kariya da fis kusa da batir. Kada a haɗa sabo da tsoho. Kada a yi caji da tsohuwar cajar Oldham, ta dalma ce, za ta wuce 4.2. A canza zoben roba, a nutsa kan fitilar a bokitin ruwa, a bar ta kunne dare guda kafin a yarda da ita.

30/ Gargaɗi mafi girma: da zarar ka taɓa cikinta, shaidar tsaron da aka ba ta ta faɗi. Ba fitilar ramin kwal ba ce kuma, kada a shiga da ita inda ake zargin metan. Ƙa'idar masu kogo kuma ita ce haske uku ga kowane mutum, da barin saƙon inda ka nufa da lokacin fitowarka.

31/ Me ya shafe mu? Matasanmu suna cikin ramukan zinare a Zamfara da Neja da Agadas, da na kuza a Filato, da tocilan ɗaure a goshi da roba. Haskensu ya fi na duk mahaƙin zamanin Davy. Amma kun tuna lamba 13? LED zai ci gaba da haskawa tar a iskar da ta riga ta kashe mai shi.

32/ Injin jan ruwa ko janareta a cikin rami ko a bakinsa yana cika shi da kabon monoksayid, ita ma babu wari. Ciwon kai da jiri a ƙasa alama ce ta fita nan take. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi ya bi shi ba igiya ba iska, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa.

33/ Ra'ayina: darasin shekara 200 ɗin nan shi ne fitila mai kyau takan ƙara wa mutum ƙarfin hali, ya shiga inda da ba zai shiga ba. Haka aka yi bayan 1816, haka ake yi yau. Sabon haske sai an haɗa shi da hanyar iska, da ma'aunin iska, da mai tsaro a bakin rami.

34/ Cikin duk abin da na lissafa, mafi araha shi ne tsarin ɗakin fitila: allo, ƙusoshi, da lamba ga kowane mai sauka. Ka shiga ka rataya, ka fito ka cire. Kafinta zai haɗa shi a wuni ɗaya. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki a wannan sana'a, tura masa daga lamba 30 zuwa nan.