Yarjejeniyar kare kudu maso gabashin Sin ta 1900

Yarjejeniyar kare kudu maso gabashin Sin, wadda Sinawa ke kira Dongnan Hubao, fahimta ce da manyan gwamnonin lardunan kudu suka cimma da ƙananan jakadun ƙasashen waje a birnin Shanghai a watan Yuni na 1900. A lokacin, fadar daular Qing da ke Beijing ta ayyana yaƙi a kan waɗannan ƙasashe, amma gwamnonin suka ƙi shiga.

Asalinta

Kafin 1861 daular Qing ba ta da ma'aikatar harkokin waje. Daga 1757 zuwa 1842 tashar Canton kaɗai aka yarda Turawa su yi ciniki, don haka hukumomin wannan lardi ne ke hulɗa da su. Ko bayan kafa ofishin Zongli Yamen a 1861, gwamnoni ba su rasa wannan matsayi ba. Tawayen Taiping ya sa sun kafa rundunoninsu, suna kuma karɓar harajin fito da ake kira likin. Li Hongzhang, babban gwamnan Zhili daga 1870 zuwa 1895, shi ne ya ƙulla yarjejeniya da jami'in sojan ruwan Faransa Fournier a Tianjin a 1884 kan rikicin Tonkin.

Yadda aka ƙulla ta

A 1900 ƙungiyar Yihetuan, wadda Turawa ke kira 'Yan Dambe, ta far wa baƙi da Sinawa Kiristoci a arewa. Ranar 20 ga Yuni aka kashe jakadan Jamus, Von Ketteler, aka kuma yi wa unguwar jakadu ƙawanya. Washegari Sarauniya Cixi, mai riƙe da ragamar mulki, ta ayyana yaƙi.

Li Hongzhang, wanda a lokacin yake Canton, ya ce umarnin ba halastacce ba ne. Liu Kunyi na Nanjing da Zhang Zhidong na Wuchang suka bi sahu, haka ma Yuan Shikai na Shandong. Sheng Xuanhuai, shugaban hukumar wayar tangaraho, shi ne ya haɗa kansu ta saƙonnin waya. An raba aiki gida biyu: ƙasashen waje su tsare unguwanninsu na Shanghai, gwamnoni su ɗauki alhakin rayuka da dukiyar baƙi a yankin kogin Yangtze. Abin da gwamnonin ke gudu shi ne sojojin ƙetare su sami hujjar shiga lardunansu.

Abin da ta haifar

Yaƙin ya tsaya a arewa. Sojojin ƙasashe takwas sun shiga Beijing ranar 14 ga Agusta, Cixi ta tsere zuwa Xi'an. Fadar ba ta hukunta gwamnonin ba. Hasali ma Li Hongzhang ta kira ya yi sulhu. Ranar 7 ga Satumba 1901 ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ɗora wa Sin diyyar tael miliyan 450 na azurfa, da za a biya cikin shekara 39.

Yarjejeniyar ta kare kudu daga ɓarna, ta kuma nuna a fili cewa lardi na iya bijire wa fada ya kwana lafiya. A 1911 larduna suka riƙa ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, daular ta faɗi a 1912.