Bututun Man Doba zuwa Kribi

Ƙasar Chadi ba ta da gaɓar teku, saboda haka man da aka gano a yankin Doba cikin shekarun 1970 ya daɗe kwance a ƙasa, ga yaƙin basasa, ga rashin hanyar fitarwa. Sai a watan Oktoba na 2000 shugabannin ƙasashen biyu, Idriss Déby da Paul Biya, suka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi, a bakin tekun Kamaru. Kamfanonin ExxonMobil da Petronas da Chevron ne suka ɗauki nauyin aikin, Bankin Duniya kuma ya ba da rance.

Kowace ƙasa da irin wahalarta. A Alaska, inda aka kammala bututu mai kusan kilomita 1,300 a 1977, an ɗora fiye da rabinsa a kan ginshiƙai, don kada zafin mai ya narkar da daskararriyar ƙasa bututun ya lotsa. A Kamaru kuwa binne shi aka yi, aka ratsa da shi gonaki da makiyaya da koguna da kurmi. Ya shigo ta yankin Touboro, a lardin Arewa mai hedkwata a Garwa, ya haura tuddan Adamawa, ya gangara kudu ta Belabo. A 2003 mai ya fara kwarara.

Abin da ya bambanta wannan aiki shi ne alkawarin da aka ɗaura masa. Dokar da Chadi ta kafa a 1999 ta tanadi cewa yawancin kuɗin man zai tafi ga lafiya da ilimi da raya karkara, a ajiye kashi 10 cikin 100 domin 'yan baya. A ƙarshen 2005 gwamnati ta sauya dokar, ta soke asusun, tana kafa hujja da barazanar 'yan tawaye. A 2008 Bankin Duniya ya janye hannunsa.

Rabon Kamaru shi ne kuɗin fito, wanda da farko bai wuce senti 41 na dalar Amurka a kan kowace ganga ba. Ɗanyen mai ne ake lodawa a jiragen ruwa a kai ƙasashen waje. Mokolo da ke can arewa, nesa da bututun, ta ci gaba da sayen fetur ɗin Najeriya a kwalabe bakin titi, wanda ake kira zuwa-zuwa.